Filin Kawu Mai Suna Uku

Shekarun baya, ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yayata tana aiki da wata ƙungiya mai lura da ruwan kogin Haɗeja. Ba su da babbar na'ura guda. Ƙananan kwamfutoci ne a Miga, da Guri, da wajen Baturiya, da tata a ɗakinmu. Kowace tana yin nata kason na lissafi, sai a haɗa, a aika wa manoma saƙon waya idan ruwa na tafe. Abin da ya sa suke fahimtar juna shi ne duk tsari ɗaya suke bi wajen ajiye bayanai, kuma yayata ce ta tsara shi. Ni kuwa aikina riƙe waya a bakin taga, wajen da sabis ya fi kamawa.

Wata safiya a ƙarshen damina kawunmu ya shigo ko zama bai yi ba, busasshen taɓo har ƙwaurinsa. Ya dubi yayata.

"Ke 'yar nan, me na yi wa injin naki? Maƙwabcina na hagu ya samu saƙo, na dama ya samu. Ni ruwan zai zo ya gaishe ni ne ya wuce?"

Shinkafarsa ta kusa nuna, kuma ita ce abincin gidansa na shekara. Bai san ko ya yanke ta da sauran ɗanyenta ba, ko ya jira. Saƙon maƙwabta ba zai yi masa amfani ba, don filinsa ya fi nasu kwari.

Yayata ta duba. Na ga ta daina tauna marfin biron da ke bakinta. Mutanen Guri sun shigar da filin a matsayin tafki, don da kwale-kwale suka ratsa shi. Na Miga sun ce gona ce. Na Baturiya sun zo da rani, sun tarar da shanu, suka ce wurin kiwo ne. Tsarin kuwa gurbi ɗaya ya bai wa kowane fili. Da kwamfutocin suka ga suna uku, sai suka jefar da filin gaba ɗaya. Kuma ba na Kawu kaɗai ba.

Ta kira abokin aikinta na Guri, ta sa muryar a fili.

"Malama, ki goge biyu ki bar ɗaya mana," in ji shi. "Ki sa gona, a sallami dattijo."

"In na sa gona, masuntan da ke shiga wurin fa? Babu wanda ya yi ƙarya a cikinku. Ni ce na manta fili a fadama yana sauya aiki."

"To ki gyara a kwamfutarki."

"In na gyara ni kaɗai, taka ba za ta gane abin da tawa ke faɗa ba. Sai dai mu sauya tare."

Ya ja tsaki, ya ce hakan na nufin kowa ya tsayar da aikinsa. Ta ce ta sani. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na Baturiya ya nemi a ƙara gurbin hanyar shanu, ta amince. Na Miga ya ce sai ya gani da idonsa, ta aika masa sabon tsarin, ya yi gardama, ta saurare shi har ya gaji. A tsakiyar haka ta ce in faɗa wa na Guri ya jira tana zuwa. Na kai wayar bakina, kunya ta kama ni, sai na yi sallama na kashe. Har yau ana yi mini dariyar wannan a gida.

Kawu ya ƙi tafiya. Ya sha kunu, ya yi azahar, ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki da wayarsa a kan gwiwa. Can bayan la'asar duk suka ɗora sabon tsarin, wanda ke tambayar fili abin da yake a kowane lokaci na shekara. Hannuna ya sage a taga. Sai wayar Kawu ta yi ƙara.

Ya miƙo mini. "Karanta, 'yar boko."

Na karanta masa. Saƙon ya ce ruwa zai riga isa filinsa kafin na maƙwabta. Nan take ya zari hularsa ya fita neman masu yanka. Sun kwashe shinkafar kafin ruwan ya rufe wurin.

Abin da ya tsaya mini a rai ba gwanintar yayata da kwamfuta ba ce. Tana iya goge sunaye biyu ta huta, babu wanda zai sani. Amma ta yini tana lallashin mutane don a gyara abin da ita ta gina.

Bayan wasu makonni Kawu ya dawo da ƙullin kifi a hannu. Ya ajiye a gaban yayata.

"Daga gonata," ya ce. "Ki faɗa wa injin."