Lissafin da na ɓata wa kakana

Duk lokacin da na ji ƙas ɗin maɓallin ƙaramar rediyo, irin mai cin kart memwar, wato ɗan katin da ake zuba waƙoƙi a ciki, sai gabana ya faɗi. Kakana na wajen uba yana da irinta a ƙauyenmu, kusa da Gazawa. Idanunsa sun yi yana, ko da suna lafiya ma bai san boko ba, amma ya san waƙoƙinsa da lissafi. In ya danna sau bakwai, kiɗan gurmi ne. In ya danna sau ashirin da uku, waƙar manoma ce, wadda makaɗin ya ambaci sunan mahaifin kakana a cikinta.

Tsakanin waƙoƙin akwai wuraren da rediyon kan yi tsit. Shi bai damu ba, da su yake ƙirgawa. Ni ce abin ya dama, don lokacin ina lakol, a kwalejin garin Agiye, ina ganin babu abin da ban sani ba.

Wata ranar kasuwa na zare kart ɗin yana barcin rana, na kai wa malaminmu mai ordinater, wato kwamfuta. Ya nuna mini wasu dosiye, wato fayiloli, ɓoyayyu da na'ura ke ƙirƙira da kanta, cike da sunayen waƙoƙi amma babu sauti a ciki. Ya ce su ne ke kawo shirun. Da hannuna na goge su ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗi kamar mai share tsakar gida. Waƙa ko ɗaya ba ta ɓace ba. Na maida kart ɗin, ina jiran a yaba mini.

Washegari da la'asar tsofaffi suka taru a gindin bishiyar bedi, har da wani baƙo makiyayi da kakana ya yi wa alkawarin zai ji sunan mahaifinsa. Ina tsaye da kwanon fura kakana ya danna ashirin da uku. Sai ga waƙar soyayya ta samari, wadda ƙanen babana ya zuba. Aka yi dariya. Ya kashe, ya sake ƙirgawa a hankali, leɓɓansa na motsi. Ita ce dai ta sake fitowa. Wani tsoho ya ce a hankali shekaru sun fara taɓa lissafin kakana.

Na ajiye furar na koma cikin gida.

Kafin a gama noman farko maganar ta zaga gari. Babana ya daina tambayarsa ranar da ta dace a buɗe rumbu. Shi kansa kakana ya rage magana, wani lokaci in same shi yana ƙirga yatsunsa shi kaɗai. Rediyon kuwa ya tura ta ƙarƙashin filo.

Sai da gero ya fara fitar da kai na iya faɗa masa. Ana yayyafi, muna zaure mu biyu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa. Na faɗa masa duka, ina kallon tabarma.

"Ashe ba kaina ba ne," ya ce. Can ya ƙara da cewa, "'Yar lakol, ai da kin tambaye ni."

Bai yi mini faɗa ba, bai kuma gaya wa kowa ba, don kada babana ya dake ni. Ni ma ban fita na wanke shi ba. Mun zauna mun sake ƙirgawa tare, waƙar manoma ta koma ta goma sha biyu. Ya haddace, amma a ɗaki kawai yake ji, har ya rasu.

Yanzu a buro, wato ofis, nake aiki a Agiye, tsofaffi kan kawo mini wayoyinsu in gyara musu. 'Ya'yansu sukan ce in goge tarkacen kawai, ai tsoho ba zai gane ba. Nakan miƙa wa mai wayar kayansa, in ce ya fara nuna mini yadda yake samo abin da yake so. Wasu sukan ɗauki rabin awa. Ina jira.