Ƙwallo da Sunan Ɗan Fari

Na taɓa aiki da wani kamfanin irin shuka a wani gari da ke kan hanyar Minjibir, kuma har yau in na ji an ce za a yi taron ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa, sai raina ya ɓaci tun kafin a jera kujeru. Aikinmu ba mai wuyar ganewa ba ne. Kamfani ya sayi gyaɗa a hannun manoma, inji ya ɓare ta, mata su zauna a tabarma su tsince ruɓaɓɓiya da wadda ba ta ƙosa ba, mai kyau a zuba a buhu a sayar wa masu shuka. Ni ce mai kula da matan, don na ɗan yi boko, ina iya karanta saƙon manaja in ya turo ta waya.

Iskar wata damina ta yaye kwanon rumfar da muke zama a ciki, ba a kuma mayar ba. Tun daga nan muke bin inuwar katanga, da safe muna gabas, da yamma mun koma yamma. Mun yi magana har muka gaji. Da zafin bazara ya kankama, mata suka fara makara, aiki ya ja baya, manaja ya kai ƙara wurin manyansa a birni cewa ma'aikata ba su da karsashi. Su kuma manyan suka zauna a ɗaki mai sanyi, suka yi dogon nazari, suka gano cewa abin da ke damunmu rashin haɗin kai ne. Maganinsa kuwa wani abu ne wai shi tim bildin.

Da na sanar da matan, wata dattijuwa ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi. Bildin ai gini ne, ashe sun ji kukanmu." Sai da na yi mata bayani cewa ba bulo ko ɗaya a ciki, wasa za a zo a yi da mu.

Da wasa ne kawai da mun yi dariya mun wuce. Amma a duk shekara in ruwa ya sauka aiki yakan ragu, a sallami yawancin matan, a bar kaɗan su riƙa ɗura iri a ƙananan ledoji har kaka. Manaja ya tara mu ya ce bana ba za a duba daɗewa a aiki ba, wanda ya nuna haɗin kai a ranar taro shi za a riƙe. Yawancin matan ba su damu ba, suna da gonar miji da za su koma. Wadda maganar ta tsaya wa a rai ita ce Gwaggo.

Gwaggo kowa yake ce mata, har manajan. Mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka yanka gonarsa ta wajen Ungogo filoti-filoti suka sayar, ta dawo garinsu da jikoki marayu da 'yarta ta bari. In aka sallame ta da damina, ba gona za ta koma ba, zama za ta yi tana kallon yaran nan da tukunya a kife. Ɗanta na fari shi ne mai kula da injin ɓarar gyaɗa. Yana taimaka mata daidai ƙarfinsa, amma shi ma ga mata ga ƙananan yara.

Gwaggo irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba, kakarsa ce ma ta goya shi. In ta kama dole ta yi zancensa sai ta ce mai injin, ko wancan. Yana tsaye kusa da ita za ta dubi iska ta ce, "A gaya wa mai injin gyaɗar nan tana fitowa da ɓawo." Shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, "An ji." Baƙo zai iya ɗauka ba sa ga maciji da juna. Ni da na zauna da su na san ba haka ba ne. Ranar da bel ɗin inji ya tsinke ya fasa masa hannu, kowa ya ruga wurinsa ban da ita. Tana nan a tabarmarta ba ta ɗaga kai ba, amma har aka tashi mai kyau take zubawa cikin ruɓaɓɓiya.

Ranar taro muka iso muka tarar an kafa rumfunan haya manya-manya a daidai inda muke ƙonewa kullum. Ashe kamfani ya san inda ake samun inuwa. An ɗaura balan-balan, an kawo lasifika da mai ɗaukar hoto, an raba mana riguna masu tambarin kamfani, mata suka ɗora su a kan hijabi kamar an yi wa buhu sutura. Manya biyu sun zo daga birni, suna ta fifita da takarda.

Sai ga ƙwararren da aka ɗauko daga Abuja. Da baƙo ne daga wata ƙasa da na yi masa uzuri. Bahaushe ne, da bakinsa ya gaya mana kakansa mutumin wani ƙauye ne nan kusa, wai ya dawo gida ke nan. Wandonsa bai kai idon sawu ba, turarensa ya riga shi isowa, in ya yi jimla ɗaya da Hausa sai ya wanke bakinsa da Turanci. Ya ce mu ce muna farin ciki, muka ce. Ya ce bai ji ba, muka ƙara faɗa. A rayuwata ban taɓa ganin farin cikin da ake karɓa da tsawa ba sai ranar.

Da farko ya raba mana ɗanyar taliya da salatif, wai kowace ƙungiya ta gina hasumiya. Mata masu auna taliya da yatsu kafin su sa a tukunya suka tsaya suna kallon yadda ake kakkarya ta a ƙasa. Wata ta faki ido ta tura ƙulli ɗaya cikin hijabi, ni kuma na ɗauke kai.

Bayan azahar ya fito da ƙwallo. Ya raba mu gida-gida, kowane gida ya yi da'ira, ya ce, "Daga yanzu a filin nan babu Alhaji, babu Malam, babu Hajiya. Duk ɗaya muke, famili ɗaya. In ka jefa wa mutum ƙwallo, ka kira sunansa na yanka, shi kuma ya amsa. Kuma ba a jefa wa mutum ɗaya sau biyu." Manaja ya yi dariya ya ce har shi a kira sunansa, ba komai. Ba wanda ya gwada, don kowa ya san gobe akwai aiki.

Aka yi rashin sa'a Gwaggo da ɗanta suka faɗa da'ira ɗaya, ni ma ina ciki. Da fari ba matsala. In ƙwallo ta zo hannunta sai ta jefa wa wata yarinya a cikinmu ta kira sunanta, har da ɗan murmushinta, don tana so a ga ta ba da haɗin kai. Amma da'irar ba ta da yawa. Ta jefa wa wannan, ta jefa wa waccan, ta jefa mini, har ya zama saura mutum ɗaya. Ƙwallo ta dawo hannunta, ta riƙe ta tsaya.

Ƙwararren ya matso da makirfo ya ce, "Mama, wa ya rage?" Akawunmu, wanda bakinsa bai taɓa sanin lokacin yin shiru ba, ya ce da dariya, "Yallaɓai, ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa."

Na zaci zai ce to a wuce. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san abin da ya kamata a nan. Sai na ga idonsa ya kawo haske kamar wanda ya yi tsintuwa. Ya dakatar da sauran da'irori, ya yafito mai hoto, ya ce, "Jama'a, wannan shi ne ainihin abin da ya kawo mu. Irin wannan katangar ce ke hana ci gaba. Uwa ba ta iya kiran ɗanta, ta yaya za a yi aiki tare? Yau za mu rushe ta."

Ɗan ya ce a hankali, "Yallaɓai, don Allah a bar ta. Ni na yafe, a ɗauka ta kira."

"A'a, ɗan'uwana, kai ma kana buƙatar wannan. Za ka gode mini."

Na bar da'ira na je wurin manaja na ce masa, ranka ya daɗe, ka san abin nan ba daidai ba ne, ka sa baki. Manajan nan na san mahaifiyarsa, shi ma ɗan fari ne, har gobe Ɗan'inna take ce masa ba sunansa ba. Ya saci kallon manyan birni, ya ga suna murmushi suna ɗaga waya, sai ya ce mini, "Haba, har ke da karatunki?" Ya karɓi makirfo ya ce da murya mai taushi, "Gwaggo, daure mana. Kin ga damina ta kusa, kuma masu tafiya tare da mu muke nema."

Kowa a filin ya gane abin da ya faɗa, ita ma ta gane. Na ga ta dubi ƙwallon, ta dubi ƙofar fita, ta gyara rigar kamfanin da ta maƙale mata a kafaɗa. Sannan ta jefa, ta faɗi sunan ƙasa-ƙasa, iya mu na kusa muka ji. Ƙwararren ya ce bai fito ba, ya kai makirfo har bakinta. Ta sake faɗa, lasifika ta ɗauka ta watsa har gonakin da ke bayan katanga.

Matanmu duk suka sunkuyar da kai. Manyan birni suka miƙe suna tafi, ɗayansu har da share ido. Na tsani tafin nan, na tsani turaren mutumin nan, kuma ban ga dalilin da zai sa in ɓoye ba.

Ƙwallon ta bugi ƙirjin ɗan ya cafe. Ƙwararren ya juyo kansa da makirfo ya ce, "To, amsa mata. Ka ce na'am, Mama." Aka sake ce masa ya amsa, manaja ma ya sa baki. Sai ya durƙusa ya ajiye ƙwallon a ƙasa, ya cire rigar kamfani ya ninke ya ɗora a kujera, ya bi ta tsakiyar rumfa ya fita, bai dubi kowa ba. Ƙwararren ya ce wa jama'a wannan ba komai ba ne, sauyi yakan zo da zafi. Aka raba shinkafa a robobi, aka yi hoto, kafin la'asar masu rumfa sun kwance kayansu sun loda a mota.

Ba a daɗe ba manaja ya sanar da waɗanda za a riƙe, Gwaggo ce ta farko da ya ambata. Ya ce manya sun yaba mata ƙwarai, hotonta ma sun sa a shafin kamfani. Ɗan kuwa aka ce ya watsa wa kamfani ƙasa a ido gaban baƙi, kuma ba shi da ruhin aiki tare, aka kawo wani ya karɓi injin. Ya koma dako a kasuwar Dawanau, yana sauke buhunan gero da wake, mutumin da ya san injin nan kamar tafin hannunsa.

Da ruwa ya sauka aka mayar da mu cikin sito muna ɗura iri a leda. Gwaggo ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba. Ni ce abin ya ƙi barina. Wata rana muka rage mu biyu a gefe ɗaya, na shiga zagin ƙwararren da manaja da duk wanda ya yi tafi, na ce mata ba laifinta ba ne, kowa ya san tilasta mata aka yi, kuma kalma ce kawai, ba ta rage ta da komai ba a idon mutane.

Ta bar ni na gama. Ta ƙulle bakin ledar da ke hannunta ta ajiye, sannan ta ce, "'Yar nan, ba mutane nake ji ba. Ai da ma na yi niyyar kiransa, sau ɗaya. Na ce in Allah ya ba ni iko, ranar da na ga tafiya ta zo, zan sa a kawo mini shi, in kira shi da sunansa yadda zai san da shi nake, in ce na yafe maka duniya da lahira. Don wannan ranar nake ta ajiyarsa."

Ta jawo wata ledar ta buɗe bakinta, ta ce, "Ga shi na kashe shi a kan ƙwallo."