Salifu Mai-da-Baya da Tambayar Balkisa

Shekara goma sha takwas ke nan cif da muka kai yayana Salifu makwancinsa a nan Gaya. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina, amma bana shirun ya ƙi, saboda wata tambaya da ɗiyarsa ta kawo mini a watan jiya. Kafin in kai ga tambayar, bari in gaya wa waɗanda ba su riske shi ba ko wane ne shi.

Salifu tela ne. Shagonsa na kan hanyar da ke gangarawa gadar iyaka, dab da inda manyan motoci ke jiran takardun duwan, wato kwastan. Ni kuma a lokacin direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yau ina Kotonu gobe ina gida. A wata tafiya na sayo masa manyeto, na'urar nan ta kaset ɗin bidiyo, da kwali guda cike da finafinan wani ɗan leƙen asirin Turawa, wanda aka fara yin fim ɗinsa tun ban san dama da hagu ba, kuma har yau ba a gama ba. Na saye su ne don direbobi su rage zafin jira. Ban san na ɗauko wa kaina aiki ba.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, shagon yakan cika. Mutanen Malanbil da na Yelu da namu na gari, kowa ya sami inda ya raɓa, shayi na kan wuta, telekomand, abin latsa manyeto daga nesa, na hannuna. Jama'a na kallon harbi da tseren mota, shi Salifu kaya yake kallo. Ana tsakiyar faɗa, ɗan leƙen asiri na rataye a jikin jirgi, numfashin kowa ya tsaya, sai ka ji muryarsa daga bayan keken ɗinki: "Tsaya! Mai da baya!" Sai ihu ya tashi, wasu har da rantsuwa ba za su sake zuwa ba. Ni kuwa ƙane ne, ba ni da ta cewa, sai in mayar.

Kuma wallahi bai taɓa sa ni mayarwa a banza ba. Mutumin ya shiga ɗaki da kwat mai maɓalli uku, ya fito da mai biyu. Ya faɗa teku ya yi iyo, ya hau tudu rigarsa a bushe, har da karin guga. Agogonsa na hagu lokacin da ya ɗaga bindiga, da ya sauke ta ya koma dama. Da muka ci kaset da yawa sai abin ya wuce kaya. Tabon da ke gefen girarsa a kaset ɗin farko ya ɓace a na gaba. Ya rantse bai taɓa taka wata ƙasa ba, alhali mun gan shi a can makonni biyu da suka wuce yana kora mutane cikin kasuwa. Ranar da aka canza mai fitowa a matsayinsa gaba ɗaya, aka kawo wani mai ƙuruciya aka ce shi ne dai, Salifu ya ajiye almakashi ya riƙe baki ya ce: "Wanga bawan Allah tun ina aparanti ina koyon ɗinki yake saurayi. Ku tambayo mini mi yake ci." Daga nan sunan Mai-da-Baya ya bi shi, har mata a gida da shi suke kiransa in ba ya kusa.

Kada mai karatu ya ɗauka raina finafinan yake yi. Babu wanda ya kai shi son su. In ya kama kure, fuskarsa takan yi haske, ya yi ta dariya har ya share hawaye da ƙyallen awo. Cewa yake yi inda aka yi kure nan ake gane mutane ne suka yi aikin, suna gajiya suna mantuwa kamar mu. Haka yake da sana'arsa ma. In ka kawo masa riga, ko ta wane ce, kafin ya gaishe ka da kyau ya juya ta ya dubi ciki. Gaban riga na mai riga ne, in ji shi, bayanta na tela.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Gadar da ya sani ba ta rabuwa da ƙarar mota ta ga kwanakin shiru da aka rufe iyaka, kwalekwale ya dawo da darajarsa. Shagon nasa ya zama wurin sayar da kayan babur. Yara na kallon finafinan nan a salula, kowa shi kaɗai, yatsa ɗaya ya isa a tsayar, a mayar, a buɗa hoto har a ƙirga zaren kirabat ɗin da ke ɗaure a wuyan mutum. Jikana ya nuna mini cewa akwai mutane a duniya da ba su da aiki sai tara kurakuran fim ɗin suna yaɗawa. Na san da farko Salifu zai ce an sace masa sana'a, bayan kwana biyu kuma ya nemi a koya masa. Abin da ba zai so ba shi ne kallon mutum ɗaya. Rabin daɗin nasa ihun direbobi ne.

To, ga tambayar. Balkisa ita ce autarsa, shekararta biyu ya rasu, ba ta riƙe ko muryarsa ba. Bahaguwa ce. Ta sha faɗa a kan haka tun tana ƙarama, ta koyi ci da karɓa da dama, amma allura ta ƙi barin hagunta. Ta gama koyon ɗinki, tana shirin buɗe shagonta. Wata safiya ta zo gidana, ta gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen mayafi.

"Baba, ina son ka gaya mini gaskiya. Mahaifina da wane hannu yake ɗinki?"

Ashe ta daɗe tana yawo da maganar. Mahaifiyarta, Mariyama, ta ce da dama, kuma wa ya fi matar mutum saninsa? Da dama yake ci, da dama yake miƙa mata kuɗin cefane. Wani tsohon direba abokinsa ya rantse mata bahago ne. Hotonsa guda da ya rage ya nuna shi riƙe da almakashi a dama. Yarinya ta tsaya a tsakiya. Kowa ya gaji wani abu a gidan, wannan ya ɗauko tsawonsa, wancan dariyarsa, ita kuwa an ce ba ta ɗauko komai ba. Wannan hannun ne kaɗai take fata, kuma ta ce in na ce a'a za ta haƙura.

Shekara nawa na yi a shagon nan? Ina iya gaya muku a wane kaset agogo ya sauya hannu, amma hannun ɗan'uwana, uwa ɗaya uba ɗaya, ban sani ba. Idona na kan talabijin, shi yana bayana. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun shekara muna yi wa Turawa dariya don sun manta maɓalli, ga mu mun kasa haɗa labarin mutum ɗaya da muka ci tuwo da shi. Na ji kunya ƙwarai, kuma na ga ƙarya a kusa, mai sauƙi, wadda za ta faranta mata rai. Na ƙi ɗauka, don ɗiyar Mai-da-Baya ba a yi mata ɗinkin da zai warware.

Na ce mata ban sani ba. Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Don kada ta tafi hannu rabbana, na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko wata shuɗiyar riga da ya ɗinka mini ta Sallah, wadda ta daina shigata tun da tumbi ya zo. Na ce ta riƙe, aikin ubanta ne.

Ba ta dubi gaban rigar ba. Tana karɓa ta juya ta ciki waje. Alhali babu wanda ya taɓa gaya mata haka ubanta yake yi. Ta kai wuyan rigar wajen haske, inda aka yi kalmasa da hannu, ta bi zaren da farce, ta daɗe. Sannan ta kamo bakin mayafinta, wanda ita ta kalmashe da kanta, ta ajiye su gefe da gefe a kan gwiwarta.

"Baba, zo ka gani. Mai dama daga nan yake farawa, zarensa ya kwanta haka. Wanga daga can ya faro. Dubi nawa."

Na duba. Ni ba tela ba ne, amma gani ya kori ji. Zaren nan biyu gefe ɗaya suka kwanta, ƙulli ma a wuri ɗaya. Ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ni ma na taya ta, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Da muka kai wa Mariyama rigar, ta juya ta ta sake juyawa, ta ce: "Amma mutumin nan ya iya ɓoyo." Ba ta yi ƙarya ba, direban ma bai yi ba. An horar da shi yana yaro kamar yadda aka horar da ɗiyarsa, almakashi kuma na masu dama ake ƙerawa. Allura ce kaɗai ya bar wa hagunsa.

Yanzu in na auna abin da ya rage na Salifu, ba yawa gare shi ba. Kaset ɗin sun yi tsatsa, manyeto ta mutu, mu da muka san shi kowa da irin nasa labarin, kuma muna raguwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Amma Balkisa ta buɗe shago ranar Juma'ar da ta wuce, ta rataye shuɗiyar rigar a bango, cikinta a waje. Na kai mata sabon kaftanina da na ɗinko a Malanbil, ina taƙama. Kafin ta ce mini sannu da zuwa ta juya shi, ta ɗaga kai ta dube ni.

"Baba, wa ya yi maka wanga aiki? Mai da shi."