Ranar da Furotin Zogalen Malama Rabi Ya Bayyana

Cikin shekarun da na yi ina ma'aikacin ɗakin gwaji, akwai wata Laraba da har yau in na tuna sai na yi dariya.

Malama Rabi ɗalibarmu ce ta digiri na biyu, 'yar Faskari. Tana bincike kan furotin ɗin ƙwayar zogale, wadda ake dakawa a tace ruwa mai laka da ita. Tambayarta ita ce, shin furotin ɗin yana jure zafi? Daga garin Sabuwa ta samo ƙwayar, hanyar kuwa ba ta biyuwa a lokacin, ga samfurin saura ɗan kaɗan.

Na'urar da muke aunawa da ita tana haska furotin, ta zana layin da ke nuna ko yana naɗe ko ya warware. Ba a sa shi tsurarsa, sai cikin ruwan bafa mai daidaita tsami. Duk awon da muka yi, layin sai ya fito kamar tonon kaji.

Dakta, mai duba aikinta, ta tambaye ni, "Malam Sani, me ke cikin bafar?"

Na ce, "Sinadarin tiris da gishiri, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Gishirin ne ke shanye hasken. Tiris kuma tsaminsa na canzawa in ya ji zafi. A koma bafar fosfet, mai ruwa-ruwa."

Na haɗa, na fara auna bafar ita kaɗai, layi ya miƙe sambal. Sannan muka zuba sauran samfurin. Sai ga layi ya lotsa sau biyu, alamar furotin na naɗe. Muka ƙara zafi, yana nan daram.

Dakta, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba, ta hau tafi. Ni kuwa na fita baranda ina ba mutane hannu da safar roba. Malama Rabi ta kira mahaifiyarta, dariya na neman hana ta magana.

"Inna, layina ya lotsa sau biyu!"

Muna jin tsohuwa ta ce, "Subhanallahi. To ba a iya gyara shi?"

Sai da Dakta ta nemi kujera don dariya.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku fara tuhumar ruwan kafin ku tuhumi furotin ko na'ura. In kuma sakamako ya yi kyau, ku yi murnarku a nan cikin ɗaki, domin a gida jaje za a yi muku.