Daga Ɗaki Zuwa Aji, Ba Hannun Kowa

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da autar gidanmu, da kekenta a naɗe, da kular dambun da Mama ta turara mana tun kafin kiran sallah. Ga waɗanda ba su sani ba, shan inna ya taɓa ƙanwar nan tawa tun tana rarrafe. A keken guragu ta yi firamare, a kansa ta yi sakandare, bana kuma wata jami'a a Abuja ta ba ta gurbin karatun lauya. Ranar da sunanta ya fito na rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Baba ne kawai bai yi murna ba, ya ce shi da sharaɗi.

"Ku je ku gani da idonku," in ji shi. "Ke babba, ki ɗauko min a waya, daga ƙofar ɗakin da za ta kwana har cikin ajin da za ta zauna. Hannun kowa kar ya taɓa keken nan. In ta isa da kanta, ta je. In sai an ɗauke ta, ta haƙura ta zauna kusa da mu."

Ban ga laifinsa ba. A sakandare ajinsu a saman bene yake, kullum sai ta jira a ƙasa a zo a ciccibe ta. Akwai ranar da aka manta da ita, ruwan sama ya ƙare a kanta, Baba ne ya je ya same ta jagab. Tun ranar, duk wanda ya ce masa za a taimaka mata sai ya kawar da kai.

Rigimar farko tun a tasha aka fara. Ɗan kamasho ya kalli keken ya ce sai mun biya kuɗin kaya. Na ce masa bawan Allah, waɗannan ƙafafunta ne, sauran fasinjan nan ka caje su kuɗin ƙafa? Motar ta kwashe da dariya, direba ya ce a bar mu, har ya ba Auta kujerar gaba. Ita kuwa ko a jikinta, fuskar nan sai ƙyalli take kamar ranar sallah, domin iyakarta Kaduna tunda take.

Damina ta zauna sosai, hanya kore shar hagu da dama. Bayan Kaduna akwai wuraren da ake aikin titi, sai a karkatar da mu hannu ɗaya da manyan motoci, ka ji kowa na salati a hankali. Muka tsaya a Tafa, na sayi gasasshiyar masara da ayaba da gyaɗa, a farashin da ya sa na tambayi yarinyar ko da buhun ta haɗa. Daga nan muka fara ganin matan Gwari da kayansu a kafaɗa, da kunyoyin doya reras a gonaki. Da Dutsen Zuma ya bayyana, Auta ta juyo daga gaba ta ƙwala min kira, "Yaya, ga shi can!" kamar ni ce ban taɓa ganinsa ba.

A Zuba muka sauka, muka hau tasi mai kore da fari zuwa Wuse, gidan Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aiki a wata ma'aikatar tarayya. But ɗin motar ya ƙi rufuwa a kan keken, direban ya ɗaure shi da roba yana ta ba mu haƙuri. Abuja dai an gina gari, ba ƙarya. Tituna masu faɗi, itatuwa a jere, ga gadojin masu tafiya a ƙafa da matakala kamar za a hau sama. Auta ta kalli wata ta ce, "Wannan kam ba da ni suka yi ba." Da yamma muka shiga kasuwar Wuse neman safar hannu irin ta masu tseren keke, don kar tafinta ya sale. Mai shagon ya faɗi kuɗi, na dafe ƙirji, ya ce, "Madam, nan Abuja ne." Na ce to ni daga Zariya nake, a rage. Aka rage kaɗan, na biya ina mita.

Washegari da hantsi Gwaggo ta sauke mu a jami'ar ta wuce ofis. Jama'a, wuri ya yi kyau! Wata mata a ofishin kula da ɗalibai ta karɓe mu da fara'a, ta kai mu ɗakin da suke ware wa masu keke, a ƙasa, ƙofa mai faɗi. Banɗakin ne ya kashe mu. Da ƙarfen riƙewa a jikin bango, da famfo daidai tsayin mai zaune, ga fili har keke ya juya. Auta ta shiga ta yi juyi biyu a ciki tana ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa ƙwalla ce ta cika min ido, don na san yadda take jan jiki a banɗakin gidanmu. Matar ta nuna mana hanyar babban ajin 'yan shekarar farko, ta koma bakin aikinta. Auta ta sa safar hannu, na ɗaga waya, na ce bismillah.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne kirkin mutane.

Ba mu yi nisa ba wani mai gadi ya taso daga inuwa da gudu, ya kama bayan keken. "Sannu madam, bari in tura shi, rana yana da zafi." Kafin in buɗe baki ya kai ta har kwana. Bidiyo ya lalace. Muka yi godiya, muka koma ƙofar ɗaki muka sake. A karo na biyu mun kai inda aka rufe kwata da faffaɗan siminti, Auta na shirin hawa, sai ga wasu ɗalibai maza su biyu, ko sallama babu, ɗaya ya kama gaba ɗaya ya kama baya, suka ɗaga ta cak suka dire a tsallake, suka wuce suna hirarsu. Auta ta dube ni, na dube ta, muka rasa ko dariya za mu yi ko kuka.

A karo na uku na ɗaura ɗamara. Duk wanda ya doso sai in daka masa tsawa, "Kar ka taɓa!" Ashe wata mai sayar da abinci, babbar mace 'yar Filato, tana kallona daga rumfarta. Sai ga ta da ludayi a hannu, ta sha gabana.

"Ke! Ba ka da tausayi ne? Ƙanwanka yana wahala, kana ɗaukansa a waya don mutane su kalla? Wane irin yaya ne wannan?"

Wallahi raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan mayar, sai Auta ta riga ni. Ta yi mata bayanin sharaɗin Baba tiryan-tiryan. Matar ta goge hannu a zaninta, ta ce, "To me ya sa ba ku faɗa ba tun ɗazu?" Ta bar wa 'yar aikinta tukunya, ta kira mai gadin nan, suka raka mu muka koma mafari.

Ban taɓa ganin tafiya irin ta huɗun nan ba. Mai abinci a gaba tana kora mutane da ludayi, "A ba shi hanya! Kar kowa ya taɓa, babansa ne ya ce!" Mai gadi a gefe ya buɗe hannuwa. Ni a baya da waya. Auta a tsakiya tana murza taya, gumi na tsiyaya, baki har kunne. Ta haye simintin kwata da kanta. Ta kewaye inda saiwar bishiya ta tayar da daɓen hanya. Wani ya faka motarsa daidai inda aka sassauta bakin titi don masu keke, mai gadi ya shiga ofis-ofis sai da ya zaƙulo shi, ya fito yana ta neman afuwa. Kafin mu isa ajin, ɗalibai sun biyo mu da yawa, wasu ma ba su san me ake yi ba.

A gefen matakalar ajin akwai gangaren siminti na masu keke, amma duk wanda ya zuba shi da baro ya gwada, ba da mutum ba. Ya miƙe da yawa. Auta ta tsaya ta kalle shi, ta gyara safar hannu, ta fara hawa a karkace, ta yi dama, ta yi hagu. A tsakiya keken ya ɗan zame baya, wurin ya ɗauki "Wayyo!" Ta damƙe tayoyin, damatsanta na rawa. Na ga wani malami mai kwat ya taka ƙafa ɗaya zai nufe ta, sai ya cusa hannuwansa cikin aljihu ya tsaya. Ni kaina bakina ba abin da yake faɗa sai ya Hayyu ya Ƙayyumu. Ta sake turawa, ta sake, sai ga ta a sama. Wurin ya kaure da tafi da fito, mai abinci tana tsalle tana "Na gode Yesu!", ni ina "Allahu Akbar!", muka rungume juna ni da matar da ta gama zagina.

Sai dokin ƙofa.

Siminti ne ɗan ƙarami a bakin ajin, bai fi yatsu huɗu ba, irin wanda mai ƙafa zai tsallake bai ma san da shi ba. Ƙananan tayoyin gaba suka doke shi suka tsaya. Auta ta iya ɗaga gaban keke, amma a nan gangaren na bayanta, in ta ɗaga ta kuskure sai ƙasa. Ba kuma filin da za ta ja baya ta taho da ƙarfi. Ta gwada ta gefe, ta gwada a miƙe, abu ya ƙi. Tafin ya mutu. Ga kujeru muna hange, ga allo, ga ma wurin da aka bari fili a layin gaba.

Na sunkuya na raɗa mata cewa bari in yanke bidiyon daga inda ta hau, Baba ba zai sani ba. Ta ce, "Yaya, ni zan zauna da ƙofar nan kullum, ba shi ba. Ci gaba da ɗauka." Sannan ta juya wurin mai gadi ta ce, "Oga, yanzu kam ka tura." Ya tura ta da yatsu biyu kawai ta shige. Da muka koma muka gaya wa matar ofis, ta ce za ta sanar da masu gyara, za a duba. Ni da ku mun san tsawon "za a duba".

Dawowarmu ba ta yi armashin zuwa ba. Ko Dutsen Zuma Auta ba ta kalla ba, ni kuma haushin yatsu huɗun siminti ya hana ni cin masara. Mun iso gida bayan la'asar, muka tarar da Baba a kan tabarma a tsakar gida. Na miƙa masa waya, ya fara tun daga waɗanda suka lalace. Da ya zo kan mai abinci da ludayinta sai da ya yi dariya har da tari, ya ce ta yi min daidai. A kan gangaren ya matso da wayar kusa da idonsa. A kan dokin ƙofa ya mayar baya ya sake kallo, ya sake mayarwa.

"Tsayinsa kamar yaya?" ya tambaye ni. Na haɗa yatsu huɗu na nuna masa. Ya miƙo min wayata, ya sa takalmi ya tafi masallaci. Auta ko tuwo ba ta taɓa ba ranar.

Da safe ƙarar zarto ce ta tashe mu. Muka fito muka same shi a zaure ya ɓalle tsohon bencin da yake zama a kai a ƙofar gida, ya fafe katakon ya zama ɗan gangare, bakinsa ɗaya siriri, ɗayan yatsu huɗu cif. Har da igiya ya sa masa, ta ratayewa a jikin keke inda hannunta zai kai. Ya ajiye shi a dokin ƙofar zaure, bai kalli kowa ba ya ce, "Auta, zo ki gwada." Ta taho, ta haye sumul, ta faɗa cikin hasken waje, ta juyo tana kuka.

"Wannan na wucin gadi ne," in ji Baba yana kakkaɓe garin katako daga rigarsa. "In kin je, ki dame su har sai sun fasa simintin nan. Ba lauya kika ce za ki zama ba?"

Abin da na koyo a tafiyar nan, mutanenmu ba su rasa tausayi ba, har ya yi mana yawa ranar. Abin da aka rasa shi ne a tambayi mai keke kafin a kama kekensa, a kuma tambaye shi kafin a zuba siminti. Masu gina makarantu, don Allah ku zauna a keke ko sau ɗaya ku bi hanyar da kuka gina, har cikin ƙofa.

Auta dai ta fara haɗa akwati. Baba kuma yanzu a kan tabarma yake zama a ƙofar gida, duk wanda ya tambaye shi ina bencinsa, sai ya ce ya tafi jami'a.