Takardar da Ke Jikin Gilashi

Shekara bakwai ƙanina ya yi yana karatun Japananci a jami'a. Huɗu a Masar, sannan uku na abin da suke kira zurfafa ilimi, har da shekara guda a can Japan ɗin, inda ya riƙa turo mana hotunansa yana tsugune a kan tabarma cikin wata riga mai kama da ta masu jego. Ni a aji uku na sakandare na ajiye biro, shekarar da mahaifinmu ya rasu, na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ina wanke kayan gyaran mota da fetur. Ba don a ji tausayina na faɗa ba. Na faɗa ne don a san wane ne ya yi karatu a gidanmu, wane ne kuma ya yi aiki.

Da ya gama na tambaye shi a waya, a kan me ya rubuta wannan ƙaton kundin da ake ta yi masa barka. Ya ce a kan shan shayi.

"Shayi fa ka ce?"

"Yaya, ba shayi irin wanda ka sani ba. Al'ada ce mai zurfi. Akwai yadda ake shiga ɗakin, da yadda ake juya kofin kafin a kai baki."

Na ce masa mai shayin bakin layinmu ya shekara talatin yana juya kofi, har daga sama yake tsiyayo shi bai zubar ba, ba wanda ya taɓa sa masa hula mai igiya. Ya yi dariya. Kullum haka yake, ka zage shi ya yi dariya, ya ce ai Yaya ba za ka gane ba.

A lokacin na shekara goma sha ɗaya a Dubai ina dillancin motocin gwanjo. Bas-bas da ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake kawowa daga Japan, a juya musu sitiyari zuwa hagu, a cusa a kwantena sai Legas, daga nan sai Kano. Yadin motocin da nake kai masu saye na wani ɗan Pakistan ne, a can bayan gari wajen kasuwar motoci. Arbab nake ce masa, yadda ake kiran maigida a nan. Bizata a ƙarƙashin kamfaninsa take. Duk shekara biyu shi ke sa hannu a sabunta mini, kuma wanda ya taɓa zama a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi: ranar da ya ƙi sa hannu, ranar zan fara ɗaure kayana. A shekarar da nake ba da labari saura wata biyu ta ƙare.

A daidai nan ƙanin nawa, Malam mai shayi, ya sauka da bizar ziyara, wai ya zo neman aiki da kamfanonin Japan. Na ba shi gadon sama a ɗakinmu na Muraƙƙabat, mu shida a ciki. Da safe sai ya sa kwat, ya ɗauki jakar takardu, ya hau jirgin ƙasa a tashar Rigga. Da la'asar ya dawo kwat a kafaɗa. Kamfanonin da ya je, 'yan Japan ɗin da Turanci suke magana, wasu ma sun fi shi iyawa. Ya gwada gidajen abincinsu, ya tarar mai dafawa ɗan Nepal ne, mai kawowa 'yar Filifin. Akwai inda ya shiga ya rusuna ya zuba gaisuwa mai tsawo da Japananci, yarinyar da ke tarbar baƙi ta tsaya tana kallonsa, sannan ta tambaye shi ko tebur na mutum nawa yake so.

Wani abokin zamanmu, mutumin Kafanchan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ya fi kowa jin daɗin abin. Da ya ga ya shigo sai ya miƙe ya dunƙule hannu: "Farfesa ya dawo! A ɗora ruwan zafi!" Shi kuwa sai ya cire takalmi, ya jera su fuskarsu na kallon ƙofa, ya haye gadonsa ya buɗe littafin da ake karantawa daga sama zuwa ƙasa.

To, ga abin da wanda ba ya cikin sana'armu bai sani ba. Kowace mota da ta fito daga gwanjon Japan tana zuwa da takarda guda. Akwai zanen motar a jiki, da lambar makin ingancinta a sama cikin akwati, sauran duk rubutun hannu ne irin nasu, kamar kaza ta taka tawada. Mutanenmu suna mutuwar son takardar nan. Ita ce shaidar cewa motar daga Japan ta taso kai tsaye, ba wadda aka gama gurzawa a wata ƙasa ba. Arbab har roba yake sa a lulluɓe ta da ita, a manna a gilashin gaba. A Kano mai saye ba ya yarda a ɓare ta. Na san direban da ya shekara biyu yana jigilar Kano zuwa Wudil da ita a gilashi, tana tare masa rabin hanya, don dai a san tasa 'yar Japan ce. A shekara goma sha ɗayan nan ban taɓa ganin wanda ya tambayi abin da aka rubuta a ciki ba. Lambar sama kawai ake dubawa. In huɗu ce, madalla. In huɗu da rabi ce, a yi hamdala.

Sai wani Alhaji ya zo daga Kano, babban mai sayena, wanda ya shekara tara ba ya taka yadin kowa sai da ni. Bas shida yake so. Arbab ya kira ni gefe tun kafin zuwansa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Habibi, a gama wannan, sai mu je a yi maganar takardarka. Halas?" Na ce halas, wato magana ta ƙare.

Ni na ɗauki ƙanina na kai shi yadin. Ba wanda ya sa ni. Na gaji da ganinsa a kwance, kuma, in faɗi gaskiya, na so in ɗan yi taƙama. Alhaji yana da 'ya'ya likitoci, duk zuwa sai ya ba ni labarinsu. Na ce yau shi ma zai ga gidanmu ba a banza yake ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, rana ta riga ta fara dukan ƙarfe. Bas ɗin shida a jere, farare tas, an wanke an goge tayoyi da mai. Alhaji yana zagayawa da carbi a hannu, yana ƙwanƙwasa jiki. Na tayar da ta farko, inji ya yi ƙara mai daɗi. Na ce, "Alhaji, ga ƙanina da nake ba ka labari. Yaren mutanen nan a bakinsa kamar Hausa. Kai, karanta wa Alhaji takardar nan ya ji da kunnensa."

Abin da nake nufi a fili yake. Ya ce daga Japan take, gari kaza, shekara kaza, lafiya lau. Yaron goye ma ya san abin da ake so ya faɗa a irin wannan wuri.

Ya gyara tabarau, ya matsa jikin gilashi. Ya daɗe yana dubawa. Na ga fuskarsa ta yi wani haske da ban taɓa gani ba tun saukarsa, irin na wanda ya yi makonni ba a tambaye shi komai ba.

"Rubutun mai dubawar yana da wuyar karantawa," in ji shi, "amma na gane. Ya ce motar ta nutse a ruwa har zuwa kujeru. Akwai laka a ƙarƙashin kafet. Akwai wari a ciki. Ya ce a kula da wayoyin wuta."

Carbin Alhaji ya tsaya.

Na ce, "Kai, duba da kyau dai."

"Na duba, Yaya. Ga shi nan ma an sake maimaitawa a ƙasa." Ya sa yatsa. "Sannan lambar nan ta sama, huɗu da rabi, ba ta dace da bayanin ba. Motar da ta sha ruwa ba a ba ta wannan. Kamar an goge wata an rubuta wannan."

Na taka masa ƙafa. Wallahi na taka, da ƙarfi. Ya dube ni ya ce, "Yi haƙuri, Yaya," ya janye ƙafarsa, a zatonsa shi ya tare mini hanya. Shekara bakwai yana nazarin mutanen da ya ce da ido kawai suke gane abin da ke ran juna, amma yayansa ya taka shi a gaban baƙo bai fahimci komai ba.

Alhaji ya ce, "Malam, zo mu ga ta biyun."

Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye kamar ɗan rakiya. Ta biyu an canza mata mitar tafiya. Ta uku lafiyarta ƙalau, sai ɗan tsatsa, har na ji numfashina ya dawo. Ta huɗu ruwa. Ta biyar an yanke gabanta an yi mata ƙari da na wata. Ta shida ma ruwa. Kowacce sai ya karanta a nutse, ya fassara kalma bayan kalma, har yana yi wa Alhaji bayanin cewa mutanen nan ba sa ɓoye aibin kaya, abin kunya ne a wurinsu. Alhaji yana gyaɗa kai yana cewa, "Ikon Allah. Ashe duk shekarun nan wasiƙa suke aiko mana."

Arbab ya fito daga ofis da kofunan shayi a faranti, yana murmushi. Ba ya jin Hausa, amma ya ga yatsa a kan takarda, ya ga fuskar Alhaji. Ya ajiye farantin a kan bonet.

"Wane ne wannan?"

Na ce ƙanina ne.

"Yana karanta wannan?"

Ƙanina ne ya amsa, da Larabcinsa na Masar mai kyau, ya ce eh, kuma in Arbab yana so zai iya fassara masa duka na yadin, don kada a riƙa cutarsa a wurin gwanjo. Kada a riƙa cutarsa! Mutumin da shi da kansa ya sa aka goge lambar.

Akwai masu cewa ai gaskiya ya faɗa. Na ji wannan har na gaji. Ni ban san abin da ke cikin takardar ba, ban taɓa sani ba. Na dai ji turaren da aka fesa a bas ɗin ya yi yawa, ban kuwa tambaya ba, don dillali ba ya tambayar abin da ba a tambaye shi ba. Motar gwanjo kowa ya san ta ga duniya. Alhaji da kansa in ya kai Kano ba ya ce wa mai saye ga inda ke ciwo. Da ƙanina yana da hankalin kasuwa ko na sisin kwabo, sai ya ja ni gefe ya raɗa mini, ni kuma in san yadda zan karkatar da Alhaji zuwa wasu motocin, kowa ya tashi da mutuncinsa. Wannan ba a koyar da shi a jami'a. A jami'a an koya masa in an ce karanta, ya karanta, a ba shi maki.

Alhaji ya ɗauki ta ukun kaɗai. A mota muna komowa unguwar Dera hirarsa duk da ƙanina ce: a ina ya yi karatu, yana da iyali, zai iya duba takarda in an turo masa hotonta a waya. Da zai sauka a masaukinsa na Buteen ya ce mini, "Ka yi dace da ɗan'uwa." Ban san ko yabo ba ne.

Bayan kwana uku na koma yadin. Mai gadi ya ce Arbab ba ya nan, alhali ga motarsa a inuwa. Na koma washegari, na koma bayan Juma'a. A karo na huɗu ya fito, ko zama bai ce in yi ba. Ya ce kamfani ya rage ma'aikata, ba zai iya sabunta mini ba, in nemi wani wuri. Na ce shekara goma sha ɗaya fa, Arbab. Ya ɗaga kafaɗa. Na lura an ɓare takardun daga gilasan duka motocin yadin, saura tabon gam.

Na zaga wasu yaduka. Labari ya riga ni isa. A wurinsu ni ne dillalin da ya zo da mai karatu.

Kafin wata ya ƙare Alhaji ya haɗa kai da wasu 'yan kasuwa uku, suka buɗe ɗan ofis a saman wani shagon canji, suka yi wa ƙanina biza. Aikinsa ya duba takarda kafin a saya. Saura kwana tara tawa bizar ta mutu ya same ni a ɗaki, ya zauna a bakin gadona, yana murza hannu.

"Yaya, na yi wa Alhaji magana. Ofis yana buƙatar direba. Ni ban iya tuƙi ba."

Na dube shi. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a Kurna, babbar tana shirin jarrabawar fita. Na ce yaushe ake son fasfo ɗin.

A katina na yanzu an rubuta direba. Ƙarfe takwas nake ɗaukarsa, in kai shi yadi, in tsaya a waje, don yawancin masu yadukan ba sa son ganin fuskata a ciki. Shi suna barinsa, dole, masu saye ba sa sa hannu sai ya duba. Ba ya zama a baya, a gaba yake zama kusa da ni, ya ɗaura bel, ya ce, "Yaya, in ba damuwa, mu fara da na wajen gada." Ni kuma in sa giya.