Littafin da Na Naɗe Kifi da Shi

Ni mai suyar kifi ne a bakin gadar Wudil. Sana'ar da na tarar ubana yana yi ke nan, ita nake yi har yau da gwiwoyina suka fara ciwo. Boko a aji huɗu na firamare na tsaya. Ina rubuta sunana, ina gane lamba, shi ke nan.

Babbar 'yata sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Da ta shiga aji biyar na sakandare, ta zo mini wajen suya da wata takarda, wai malamin adabin Turanci ya ce kowane uba ya sa hannu. Dokokin ajinsa ne. Ta tsaya tana karantawa tana juya mini da Hausa, ni ina juya tarwaɗa a mai. Ba a shiga aji bayan malam ya shiga. Wanda ya yi Hausa zai tsaya a rana. Kowa da littafinsa, ba aro. Sai doka ta tara: littafin rubutu guda ɗaya za ka riƙe har ka gama makaranta, duk babin da aka karanta ka rubuta abin da ka fahimta, malam ya sa hannu da jan biro a kowane shafi. Wanda nasa ya ɓata ko ya yage, ba za a sa sunansa cikin masu rubuta wannan darasi a jarrabawar fita ba. Babu uzuri.

Na ce, "Wannan malami ne ko soja?"

Ta ce, "Baba, in ba ka da darasin nan ba a ɗaukarka karatun lauya."

Lauya take so ta zama, tun tana ƙarama take faɗa. Na goge hannu a riga na sa hannu.

Malamin na san shi. Ɗan ƙauyen Indabo ne, ubansa gero yake kawowa kasuwa a kan jaki. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan tsaya da babur ɗinsa ya sayi kifi a wajena, ba ya ko sauke ƙafa biyu.

Littafin nan Uwata ta yi masa bango da takardar buhun siminti. Fiye da shekara tana cika shi. Ƙannenta ko kusa da shi ba sa zuwa.

Mu masu suya da tsohuwar takarda muke naɗe kifi, ta fi leda shan mai. Ina da buhu guda a zaure, cike da tsofaffin jaridu da littattafan 'yan makaranta da aka gama da su. Wata Alhamis da damina ɗakin yara ya yi yoyo, uwarsu ta kwashe littattafai ta jibge a bakin buhun nan. Da aka kwashe su daga baya, ɗaya ya zame ciki. Da asuba na ɗaure buhu na tafi.

Juma'a ce, ranar kasuwar shanu. Wanda bai taɓa tsayawa bakin gada ranar Juma'a ba bai san abin da nake nufi ba. Motoci sun yi layi, hannuwa ta kowace taga, direba yana danna hon, fasinja yana ihu a miƙo masa kafin mota ta tashi. Wajen sha ɗaya jaridun suka ƙare, sauran na ƙasa sun jiƙe. Na zura hannu na zaro littafi mai bangon siminti.

Shekara da shekaru ina cewa ban gane shi ba. Ƙarya nake. Na gane shi. Na san rubutun 'yata kamar yadda na san tafiyarta, ga kuma jan biro a gindin kowane shafi. Na ce a raina, bari in ɗebi farare na baya waɗanda ba a rubuta komai ba. Fararen suka ƙare, mutane ba su ƙare ba. Na ce shafi ɗaya ba zai kashe kowa ba. Daga nan ban ƙara cewa komai ba, yaga kawai nake. Karatun yarinyar nan ya tafi Gaya, ya tafi Kano, ya tafi Maiduguri, da yaji a cikinsa.

Aka sauko masallaci, malam ya tsaya kamar kullum. Na naɗe masa karfasa biyu na miƙa. Sai da babur ya tashi na ga da abin da na naɗe.

Ran Litinin ta dawo daga makaranta idonta ya kumbura. Malam ya maƙala shafin a jikin allo, a ƙarƙashin takardar dokoki, ya ce kowa ya zo ya sansana. Kafin a tashi 'yan aji sun raɗa mata suna, Lauyar Tarwaɗa. Ta roƙe shi ta ari na ƙawarta ta kwafe, ya ce sa hannun nasa ma za ta kwafe?

Washegari na sa wankakkiyar riga muka tafi tare. Uwarta ta ce kada in je hannu sake, na soya manya guda uku na riƙe. Muka same shi a ofishin malamai, su biyar ko shida suna zaune. Na gaishe shi, na tambayi iyali da aiki da ruwa, ya amsa biyu ya bar sauran. Na ajiye ƙunshin a tebur.

Ya dube shi ya ce, "Wannan kuma da babi na nawa ka naɗo?"

Malamai suka fashe da dariya, wata har da dafa tebur.

Na ce, "Malam, kuskure aka yi. A yi mana rai."

Ya ce, "Ke, karanta masa doka ta tara. Ki juya masa da Hausa, yau na yafe miki tsayuwar rana."

Ta karanta.

Ya nuna mini gindin takardar dokokin ya ce, "Sa hannun wane ne wannan?"

"Nawa ne."

Ya ɗaga shafin da na naɗe masa kifi ya saita shi da taga. Mai ya cinye shi, ana hango bishiyar waje ta cikinsa. Ya ce, "Tara cikin goma na ba ta a nan. Ban taɓa ba wani haka ba a ajin. Tsakani da Allah, ba ka gane littafinta ba ne?"

Uwata tana gefena. Na ce, "Wallahi malam ban yi karatu ba. Duk takarda ɗaya ce a wajena."

Ya juya wajenta ya ce, "Kin ji ko? Gidan da ba a bambance littafi da takardar suya, daga nan za a fitar da lauya? In na ɗaga miki, gobe wani ya ce akuya ta ci nasa." Ya ture ƙunshin da bayan biro. "Ɗauki abinka, Baba, kada a ce na ci."

Na je wajen shugaban makaranta, ya ce doka ce, kuma ni na sa hannu. Aka mai da ita ajin da ba sa yin darasin.

Da muka koma gida ban rarrashe ta ba. Faɗa na hau yi mata. Na ce ita ce sakarya, mai abu mai daraja ba ya barin sa a zaure. Na faɗa a gaban ƙannenta, na faɗa a gaban maƙwabta, kwana da kwanaki, har uwarta ta fara taya ni don kada laifin ya dawo kanta. Da aka yi hutu na ce tunda lauyanci ya faɗi, ta riƙa zama a gida tana yanka mini takardu daidai naɗi.

A wajen yankan ne ta tsinci abin da ya rage a gindin buhu: bangon siminti da shafi huɗu na farko. Na shigo zaure da la'asar na same ta zaune da shi a cinya. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya.

Ta ce, "Baba, sauran littattafan duk ta gaba kake fara yaga su."

Na ce, "To, sai aka yi yaya?"

"Wannan ta baya ka fara. Ta wajen farare."

Na daka mata tsawa ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi, ta ajiye bangon a kan tarin da ta yanka, ta shiga ciki.

Yanzu tana koyarwa a wata firamare a Dagumawa, da 'ya'yanta uku. Tana zuwa gaishe ni, tana durƙusawa, tana kawo mini maganin gwiwa. Ba ta ƙara ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Amma tun daga ranar, in na ce Uwata, sai na faɗa sau biyu kafin ta waiwayo.